Daga Nyanya zuwa tudun Mishlifen: Wasan dusar ƙanƙara da kuɗi kaɗan, da batun masu sikila

Yau tafiya za mu yi, mai nisa kuwa, amma da jakar magani a hannu.

Duk mazaunin Nyanya ya san sanyin da muke tinƙaho da shi na 'yan makonni ne. Hunturu ya shigo a Disamba, leɓe ya tsage, a yi ta shafa basilin, masu shayin bakin tasha su yi ciniki, ma'aikatan da ke sammako don su riga motocin Mararraba kaiwa hawan Kugbo su naɗe wuya da mayafi. Kafin Fabrairu ya ƙare rana ta dawo da fushinta, kowa ya koma neman fanka. Su kuwa yaranmu wani irin sanyi suke gani a waya: tudu fari fat, matasa tsaye a kan allo suna gangarowa kamar iska ce ke ɗauke da su. Yaro ya ce, "Umma, yaushe za mu je nan?" Umma ta yi dariya ta ce ya bari sai ya zama minista. A ganinta wannan wasa na masu bizar Turai ne da kuɗin Turai.

To ashe akwai dusar ƙanƙara a kan hanyar da mutanenmu suka daɗe suna bi. Kowace shekara Hausawa daga Kano, Zariya, Katsina, Maraɗi da nan Abuja suna zuwa birnin Fas na ƙasar Maroko, ziyarar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a can a 1815. Wasu fatauci ke kai su, wasu kuma 'ya'yansu ne ke karatu a ƙasar. Abin da da yawansu ba su sani ba shi ne, kimanin kilomita 65 kudu da Fas akwai wani gari a kan duwatsun Atlas da ake kira Ifran, gaba da shi kuma, tafiyar da ba ta kai kilomita 20 ba, akwai ɗan ƙaramin filin wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara mai suna Mishlifen.

A irin wannan hutu tikitin jirgi da biza ne ke cinye kuɗin. Wanda ziyara ko kasuwa ta riga ta kai shi Fas ya biya babban kason, abin da ya rage masa kuɗin tasi ne da hayar kayan wasa da abincin rana. A manyan wuraren Faransa da Suwizalan, kuɗin hawa na'urar da ke kai mutum saman tudu na yini ɗaya kaɗai ya isa ya tayar da hankalin mai albashi. Akwai kuma na cikin gini, irin wanda aka buɗe a Dubai a 2005 da na Masar a 2017, inda inji ke yin dusar a tsakiyar katafaren kanti. Yara na sonsa, ni dai a wurina ƙatuwar firiza ce aka sa wa fitilu. Jirgin Royal Air Maroc yana ɗaukar mutum daga Abuja ko Legas zuwa Kasablanka, daga nan jirgin ƙasa na kimanin awa huɗu ya kai shi Fas. Mutumin Nyanya dai ya tuna filin jirgin sama yana can ɗaya ƙarshen birni, ya bar gida da wuri.

Fas ba za ta yi maka baƙunta ba. Karatun Warshu za ka ji a masallatai, rubutun bango ɗan'uwan na allunanmu ne, warin majemarsu kuwa sai ka rantse a Kano kake. Dama jar fatar akuyar Sakkwato da ayari ke ƙetare hamada da ita, Turawa fatar Maroko suka riƙa kiranta. Daga Fas tasi ake shiga mai ɗaukar mutum shida, wadda ba ta tashi sai ta cika, kamar dai motocin Keffi a tashar Nyanya. Iyali mai mutum biyar ko shida ya fi masa sauƙi ya ɗauki shatarta, a daidaita da direba kan zuwa da jira da dawowa tun kafin a shiga. Hanya ta bar gonakin zaitun, ta ratsa garin Imuzzar mai itatuwan tuffa, tana ta hawa, kunne na toshewa yana buɗewa. Sai kawai ka fara ganin fari-fari a gindin itatuwa.

Ifran gari ne da Faransawa suka gina a 1929 don su riƙa gudun zafi, shi ya sa gidajensa masu jan rufi ne mai tsini kamar na ƙauyukan Turai, da manyan sheƙunan 'yan'uwan shamuwa a samansu. A tsakiyar gari akwai wani zaki da aka sassaƙa da dutse, kowa sai ya tsaya ɗaukar hoto da shi. Jami'ar Al'akhawain da aka buɗe a 1995 da Ingilishi take koyarwa, don haka ba a rasa matashin da zai yi maka tafinta. A allunan ofisoshi, bayan Larabci, za ka ga wasu haruffa masu da'ira da gicciye: rubutun mutanen duwatsun ne, dangin na Buzayenmu na Agadas, harshensu ma 'yan'uwa ne. Garin yana kan tsayin mita 1,665. Jos da muke gani ƙarshen sanyi mita 1,200 da 'yan kai ne. A Ifran aka auna sanyi mafi tsanani a tarihin Afirka, digiri 23.9 ƙasa da sifili, ranar 11 ga Fabrairu, 1935. Firizar gida a 18 take tsayawa.

A kula da suna: akwai wani babban otal na alfarma a cikin Ifran da ake kira Mishlifen shi ma. Mai neman sauƙi ya gaya wa direba filin zamiya yake nufi.

Shi filin wani ƙaton kwari ne mai siffar kwano, bakin tsohon dutse mai aman wuta da ya mutu tun tuni, a tsayin da ya kusa mita 2,000, itatuwan arzi dogaye sun kewaye shi. Ba shi da girma. Gangarensa 'yan kaɗan ne, gajeru, na'urorin jan mutum zuwa sama tsofaffi ne kuma ba kullum suke aiki ba, galibi da ƙafa ake hawa. Ƙwararren ɗan wasa zai raina wurin cikin awa ɗaya. Wanda bai taɓa taka dusa ba kuwa, abin da yake bukata ke nan. A bakin hanya masu haya sun baza kaya: takalma, fallayen zamiya guda bibbiyu da sandunansu, da 'yan kujerun katako da na roba da ake zama a kai a sulalo. Ga masu dawaki, ga masu shayin na'ana'a da dafaffen ƙwai. Ciniki ake yi kamar a kasuwar gida, kuma farashin farko ba na saye ba ne.

A wani watan Janairu na raka mahaifiyata ziyara, muka keɓe yini ɗaya muka hau tare da ƙanena. Abin da ya fi tsaya mini a rai shirun wurin ne. Dusa na shanye sauti. Da ka ɗan matsa daga taron jama'a zuwa cikin itatuwa, sai ka ji numfashinka da ƙarar takunka kawai. Hajiya ta damƙi dusar, ta murza, ta ce, "Ashe wannan ce? Ai ita muke kankarewa a jikin firiza mu zubar." Ta koma mota da filas ɗinta da carbinta, ta ce mu yi haukarmu mu gama.

Allon zamiya da yara ke gani a waya bai kai sauran kayan yawa a wurin masu haya ba, sai an tambaya. Allo ne guda ɗaya da ake ɗaure ƙafa biyu a kansa, mutum ya tsaya a kaikaice. Asalinsa ma wasan gida ne: a 1965 wani Ba'amurke mai suna Sherman Poppen, a jihar Michigan, ya haɗa fallayen zamiya biyu wuri ɗaya don 'ya'yansa mata su yi wasa, a 1998 kuma abin ya shiga gasar Olamfik a Nagano ta Japan. Duk wanda ya taɓa zama a kan fasasshiyar jarka ya sulalo daga kan fa yana yaro ya san daɗin da ake nema. Sirrin allon a gefensa yake. Ka danna dunduniya, gefen baya ya kama dusa ka tsaya. Ka danna yatsu, gefen gaba ya kama. Ka bar shi a shimfiɗe, ya tafi da kai inda ya ga dama. Yinin farko na faɗuwa ne, babu wanda ya tsallake wannan.

Da yake ƙafafu a ɗaure suke, mai faɗuwa hannu yake miƙawa ya tare ƙasa, shi ya sa karayar wuyan hannu ce raunin da ya fi samun masu koyon allo, kamar yadda gwiwa ce ke shan wahala wurin masu fallaye biyu. In za ka faɗi gaba, dunƙule hannu ka sauka a kan sangalin hannu da gwiwa. In baya ne, sa haɓa a ƙirji ka sauka a kan ɗuwawu. Akwai wani ɗaurin wuyan hannu mai roba mai tauri a ciki, irin na samarin da ke yawo da takalmin taya a titunan Abuja, a shagunan kayan wasanni ake samunsa. Ka saye shi tun daga gida, don ba lallai mai haya ya ba ka ba. Hular kwano dole ce, ko da ta keke ce ka zo da ita. Ka duba maɗaurin allon da hannunka, in ya tsage ko yana kwancewa a canza maka. In kuma an faɗi wuyan hannu ya kumbura, a yi hoton ƙashi a ranar. Akwai wani ƙaramin ƙashi a gindin babban yatsa da kan karye a ɗauka targaɗe ne, a yi ta shafa man zafi har a dawo Najeriya, ga shi ƙashi ne mai wuyar haɗewa in aka makara. Masu sayen inshorar tafiya su karanta takardar, da yawa ba ta ɗaukar raunin wasan dusa sai an ƙara.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauko wannan batu a shafin lafiya. Kafin a sayi tikiti, kafin a nemi biza, kowa a gidan ya san jinotayif ɗinsa. Ba rukunin jini na O da A da B nake nufi ba, mutane na yawan haɗa su. Gwajin AA, AS, SS da SC nake nufi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta ana haifar jarirai kimanin 150,000 masu sikila a Najeriya duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a cikinmu yana ɗauke da ƙwayar halittar, wato AS. A motar mutum shida da ta tashi daga Fas cike da 'yan Najeriya, da wuya a rasa ɗaya.

Jajayen ƙwayoyin jinin mai sikila suna lanƙwashewa kamar lauje idan iskar oksijin ta yi musu ƙaranci, su maƙale a ƙananan jijiyoyi, ciwo ya tashi. Abubuwan da ke jawo haka sanannu ne: sanyi, ƙarancin ruwa a jiki, gajiya mai tsanani, da ƙarancin iska. Tudun dusa ya tara su duka huɗun a wuri ɗaya. A tsayin mita 2,000 kowane numfashi na kawo oksijin da ya gaza na bakin teku da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Sanyi na matse jijiyoyin hannu da ƙafa. Busasshiyar iskar dutse na kwashe ruwan jiki ta numfashi, ga shi a sanyi ba a jin ƙishirwa. Sannan ga hawan tudu da ƙafa, ɗauke da allo, sau goma ko fiye.

Ra'ayina, kuma na san ba zai yi wa wasu iyayen daɗi ba: yaro mai SS ko SC kada a kai shi Mishlifen. Ko tafiyar jirgin ma sai likitansa ya duba shi ya amince, domin iskar cikin jirgi daidai take da ta saman dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. Fas tana ƙasa sosai, wajen mita 400, amma darenta a Janairu na da sanyi, tsofaffin gidajen cikin ganuwa kuma an gina su ne don maganin zafi, don haka ko a can sai an lulluɓe shi da kyau, ana ba shi ruwa a kai a kai, ba a tsallake folik asid da sauran magungunansa. Na san nauyin abin. Wannan yaro ya saba jin "kai ban da kai": ban da wankan ruwan sama, ban da ƙwallo, ban da sansanin makaranta. A ce 'yan'uwansa sun tafi sun dawo da hotuna shi yana ɗaki, ciwo ne da ba ni da maganinsa a kanta. Uwargida, in haka gidanki yake, ko dai a raba tafiyar gida biyu, shi ma a shirya masa yininsa na musamman da ɗaya daga cikinku, wanda zai dawo yana ba sauran labari, ko kuma a haƙura da dutsen gaba ɗaya. Abin da ba na so shi ne a ce "ai awa biyu ce kawai", a jibga masa riguna a tafi. Ciwon da ya tashi a saman dutse, a ƙasar da ba ku jin harshenta, nesa da asibitin da ke da fayil ɗinsa, ba na awa biyu ba ne.

Mai AS fa? Mafi yawansu za su hau su sauko lafiya ƙalau, ba na son in tsorata kowa. Amma akwai abin da ya kamata su sani. A wuri mai tsayi, musamman in an haɗa da aikin ƙarfi, jini kan toshe a saifar mai AS wani sashe nata ya mutu. Ba ya yawan faruwa, amma yana faruwa ga masu ƙarfi ma. A 2007 wani ɗan wasan ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka mai suna Ryan Clark, na ƙungiyar Pittsburgh Steelers, wanda AS ne, ya buga wasa a birnin Denver, ciwo ya kama shi, ƙarshe sai da aka cire masa saifa da maɗaciya. Denver tana kan tsayin mita 1,600 ne, ba ta ma kai Ifran ba. Don haka mai AS ya hau a hankali, ya riƙa hutawa, ya sha ruwa ko bai ji ƙishi ba. In ya ji ciwo a gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, wanda kan harba zuwa kafaɗar hagu, ko numfashi ya gagara daidaita bayan an huta, wasa ya ƙare. A sauko, a nufi asibiti, kada a danne ciwon da diklofenak a ci gaba. Likitocin can da Faransanci suke aiki, sunan cutar a wurinsu drépanocytose. A rubuta wannan kalma a takarda tare da sakamakon gwajin, a sa cikin fasfo.

Na fi son Mishlifen ga mutanenmu saboda wannan dalili ma. Ukaimedan da ke kusa da Marakesh ya fi shi girma da yawan dusa, amma daga mita 2,600 yake farawa ya haura 3,200. Afriski na ƙasar Lesoto, wanda ke buɗewa daga Yuni zuwa Agusta, ya haura mita 3,000. Kowane ƙarin tsayi ƙarin nauyi ne ga jini, da zuciyar Alhaji mai hawan jini, wanda sanyi kaɗai ma kan ɗaga masa awo.

Kayan sawa kuwa, a nan mutumin Nyanya ya fi kowa sa'a. Ka shiga kasuwar Laraba wajen 'yan gwanjo, ka duba ƙasan tulin. Dilolin da ke zuwa daga ƙasashen sanyi ba sa rasa manyan jaket masu kumburi, wandunan da ruwa ba ya ratsawa, hulunan ulu da safar hannu, waɗanda ba mai tayawa a zafin Abuja. Mai kaya neman kai yake da su. Ka je kafin hunturu ya shigo 'yan acaɓa su fara nema, ka duba zif da ɗinki, a wanke a shanya a rana. Hawa uku ake sawa: na ciki mai kama jiki wanda ba auduga ba, don auduga in ta sha gumi sanyi take riƙewa; na tsakiya suwaita; na waje mai tare iska da ruwa. Shadda da atamfa, komai tsadarsu, a can ado ne kawai. Uwargida da 'yan mata su sa wando mai kauri a ciki, hijabi kuma gajere, a cusa shi cikin jaket, domin dogon mayafi na iya sarƙewa a allo ko a na'urar ja. Safar hannu ta ulu zalla ba ta da amfani, minti biyar ta jiƙe.

Yara sun fi manya saurin rasa ɗumin jiki, kuma ba sa faɗa don kada a hana su wasa. Wanda ke goye ya fi kowa haɗari tunda ba ya motsi. Jariri dai a bar shi a ƙasa, kuma kada a hau kujerar zamiya da goyo. A fatarmu ba a ganin ja da wuri. Alamar sanyi ya fara cin yatsa, kunne ko hanci ita ce wurin ya yi toka-toka, ya yi tauri, ya daina ji. Kada a murza, kada a kara a wuta ko jikin hita, don fatar da ba ta ji za ta ƙone ba a sani ba. A sa a ruwa mai ɗumi wanda gwiwar hannu ke iya jurewa, ko a cusa hannun a hammata. A yi alwala tun daga masauki in zai yiwu, in kuma an yi a can a tsane jiki sosai kafin a mayar da safa.

Rana ma tana cizo a wurin, abin da ba mai zato. Sabuwar dusa na mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ke ƙona fata, ga ƙarfinsa na ƙaruwa da tsayi. Ido ne ke fara shan wahala: da dare a ji kamar an zuba yashi, hawaye na ta zuba. Baƙin tabarau mai kariya ta gaske ga kowa har yara. 'Yan'uwana masu shafe-shafen ƙarin haske, ku na fi ji. Waɗannan mayuka sun riga sun sirantar da fata sun cire mata garkuwa, yini ɗaya a kan dusa ba tare da man kariyar rana ba zai iya barin tabon da zai daɗe.

In dare ya yi muku a can, kwana a garin Azru da ke kusa ya fi na Ifran sauƙi, akwai kuma masu tsayawa a bakin titi suna kaɗa makullai, alamar gidan haya. Ka duba abin ɗumama ɗaki kafin ka biya. Hita mai tukunyar gas, ko na'urar dafa ruwan wanka da aka kafa cikin banɗaki marar taga, suna fitar da iskar kabon monoksayid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Ita ce dai ta hayaƙin janareta da ta kaskon gawayi da ke kashe iyali guda a dare ɗaya a garuruwanmu, a Maroko ma duk hunturu sai ta yi kisa. A kashe hita kafin barci, a ɗan buɗe taga, a ƙara bargo. In kuka ga ku duka ciwon kai da jiri da tashin zuciya sun kama ku lokaci ɗaya, ku fita waje nan take, kada ku ce gajiyar dutse ce.

Sai jakar magani. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Maroko ta rabu da zazzaɓin cizon sauro. Abin farin ciki ne gare su, amma ga wanda sauron Nyanya ya ciza ana gobe zai tashi, zazzaɓin zai iya bayyana bayan mako ɗaya ko biyu, a wurin da likita zai fara tunanin mura. Ka tafi da abin gwajin nan na yatsa da cikakken zubi na atimita-lumefantirin daidai nauyin kowa, kuma duk wanda ya yi zazzaɓi a faɗa wa likita daga inda aka fito. Kalmar da za su gane ita ce wadda 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram ke faɗa, palu. Mai asma ya sa abin shaƙarsa a aljihun ciki, ya rufe hanci da baki da mayafi, don busasshen sanyi na tayar da ita. Insulin in ya daskare ya lalace ko da ya narke daga baya, shi ma aljihun ciki, kuma a jirgi a jakar hannu. Maganin mura mai sa barci ba ya haɗuwa da hawa allo, da yawansu kuma akwai farasitamol a ciki, sai a ƙara wani a kai a ninka ba a sani ba. Kowane magani ya tafi cikin kwalinsa na asali. Masu ƙarfi irin su tiramadol da kodin, in likita ne ya rubuta, takardarsa ta bi su. Ƙullin magani na saƙo, wanda ba ka san cikinsa ba, ko na wane ne kada ka karɓa.

Dusar ba ta da alƙawari. Maroko ta sha shekarun fari a jere, wata shekarar tudun ya yi fari tun Disamba, wata kuma a tarar da ciyawa da laka. Janairu da Fabrairu ne suka fi tabbas, kuma ka tambayi direbobin tasha a Fas da safiyar ranar, sun fi kowa sanin halin da ake ciki, har da ko an rufe hanya saboda dusa ta yi yawa. Asabar da Lahadi mutanen Fas da Maknas da Rabat ke cika wurin, tsakiyar mako ya fi sarari da sauƙin ciniki. A lura da azumi ma: a 2026 bayan tsakiyar Fabrairu aka ɗauka, kuma kowace shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11, don haka shekaru masu zuwa a tsakiyar lokacin dusa zai riƙa faɗowa.

Da la'asar a fara haramar sauka, domin da rana ta faɗi ruwan da ya narke a kan titi yake daskarewa ya zama santsi. In direba ya biyo da ku ta dajin arzi na wajen Azru za ku ga birai marasa wutsiya sun fito bakin hanya neman gyaɗa. A kalle su daga nesa. Akwai ciwon haukan kare a ƙasar, cizo ko yaƙushi na bukatar wanki da sabulu na minti 15 da allurar rigakafi a ranar. A gari ku nemi harira, miyar tumatir da wake da suke buɗe-baki da ita, mai zafi, da burodi. Washegari cinya da ɗuwawu da kafaɗa za su yi tsami kamar an yi muku duka, wannan na kowa ne, farasitamol da ruwan ɗumi sun ishe shi, kwana biyu ya wuce. Wanda ke ƙaruwa maimakon raguwa, ko ya zo da fitsari mai launin shayi, na asibiti ne.